Dostoyebski, Marubucin Rasha Mai Zuciya Biyu

An haifi Fiyodo Dostoyebski a birnin Mosko cikin shekarar 1821. Ubansa likita ne a asibitin talakawa. Ya yi makarantar injiniyoyin soja a birnin Fitasbag, amma bai daɗe da kama aiki ba ya ajiye, ya rungumi alƙalami.

Littafinsa na fari ya fito a 1846, aka yi ta yabo. Na biyu kuwa, wanda ya biyo baya a wannan shekara, sai aka kushe. Labarin wani ƙaramin akawu ne mai suna Golyadkin, wanda ya yi kiciɓis da wani mutum cikin dare, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, har suna ɗaya. Kashegari sai ga baƙon an ɗauke shi aiki a ofishinsu. Duk abin da akawun ya kasa, wato iya baki da shiga ran manya, baƙon ya iya. Sannu a hankali ya ƙwace masa matsayi, shi kuwa aka wuce da shi gidan mahaukata.

Kushen ya yi wa Dostoyebski ciwo ƙwarai, amma bai saki wannan tunani ba, wataƙila don shi ma haka yake. A 1849 aka kama shi tare da wasu masu sukar mulkin Sarkin Rasha. Har an ɗaure uku daga cikinsu za a harbe, sai ga saƙo cewa Sarki ya yi sassauci. Ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk a Saibiriya, ya fito yana mai goyon bayan sarautar da ta ɗaure shi. Ga shi da riƙon addininsa na Kirista, ga kokwanto. Ga tausayin talaka, ga caca, wadda ta kai shi har jinginar da kayan matarsa Ana kafin ya daina a 1871. Ciwon farfaɗiya kuma bai bar shi ba.

A 1866 ya sake gyara labarin akawun, duk da haka bai gamsu ba. Sai a littafinsa na ƙarshe, na 'yan'uwan gidan Karamazob, wanda ya kammala a 1880, ya sami bakin zaren: nan ne Iban ya zauna da Shaiɗan a ɗaki suna gardama, ya kasa rabewa ko baƙo ne ko kuwa shi kansa ne.

Dostoyebski ya rasu a Fitasbag a 1881, yana da shekara 59. Dubban mutane suka raka gawarsa.