Jamal Abdul Nasir: shugaban da Khartum ta ɗaga, zuciyarsa ta kayar da shi yana da shekara 52

A shagon mahaifina a kasuwar Umdurman akwai hoto guda ɗaya tak a bango, na Jamal Abdul Nasir. Baba, Allah Ya jiƙansa, yana cikin dubban mutanen da suka cika hanyar filin jirgin Khartum a ƙarshen watan Agusta na 1967 don tarbar shugaban Masar. Har ya rasu bai gaji da ba mu labarin ranar ba. Abin da bai sani ba shi ne ciwon da ya kashe gwarzonsa shi ne zai kashe shi. Duk lokacin da ƙarshen Satumba ya zo sai na tuna da su biyun, domin Nasir ya rasu ne ranar 28 ga wata, washegari kuma, 29, ita ce ranar zuciya ta duniya.

An haifi Nasir ranar 15 ga Janairu, 1918 a Iskandariyya. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, asalinsu Bani Murr kusa da Asyut. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara takwas. Ya shiga kwalejin soja a 1937, kuma a farkon yaƙin duniya na biyu an turo shi nan Sudan, ya yi aiki a Khartum da Jabal Auliya tare da abokinsa Abdul Hakim Amir. Ya yi yaƙin Falasɗinu a 1948, inda aka yi musu ƙawanya a Faluja. Ranar 23 ga Yuli, 1952 shi da abokansa hafsoshi suka hamɓarar da Sarki Faruƙ, suka sa Janar Muhammad Najib, haifaffen Khartum, a gaba. A 1956 ya zama shugaban ƙasa, ya mayar da mashigin Suez hannun Masar, ya tsaya wa Ingila da Faransa da Isra'ila. Tun daga nan sunansa ya shiga gidajen talakawa, har da namu.

Ba wai ba shi da laifi ba ne. Ya cika kurkuku da 'yan adawa, ya jefa sojojinsa cikin yaƙin Yaman, kuma madatsar Aswan da ya gina ita ta cinye Wadi Halfa, aka kwashe mutanenta zuwa Khashm al-Girba. Sai kuma kayen watan Yuni na 1967, inda cikin kwana shida Masar ta rasa Sinai. Ya yi murabus, jama'a suka fito titi suka ce ba su yarda ba. Ko wata uku ba a yi ba ya sauka Khartum taron shugabannin Larabawa, zamanin Isma'il al-Azhari da Muhammad Ahmad Mahjub. Mutumin da ya zo da kunyar kaye sai ya tarar da tarba irin ta mai nasara. A gidan Mahjub ne ya zauna da Sarki Faisal suka daidaita kan Yaman.

To amma mutumin da Baba ya ɗaga wa hannu ran nan, jikinsa ya riga ya fara cinyewa daga ciki. Yana da ciwon sukari tun yana ɗan arba'in da 'yan kai. Sigari kuwa, da wannan ya mutu zai kunna wancan. Aiki dare da rana, barci kaɗan, ga damuwa. A danginsa ma akwai ciwon zuciya. A 1968 jijiyoyin ƙafafunsa suka ƙuntace har tafiya ta zama azaba, ya je jinya Tskaltubo a ƙasar Jojiya ta Tarayyar Sobiyet, likitoci suka raba shi da taba. Sai dai an makara. A Satumban 1969 bugun zuciya ya kwantar da shi makonni, aka shaida wa jama'a wai mura ce.

Shekara guda bayan haka rikici ya ɓarke a Jodan tsakanin sojojin Sarki Husaini da Falasɗinawa. Nasir ya kira taron gaggawa a Alƙahira, Ja'afar Numairi ya jagoranci tawagar da ta shiga Amman ta fito da Yasir Arafat. Ranar 27 ga Satumba, 1970 aka sa hannu kan sulhu. Washegari ya yini yana raka baƙi filin jirgi. Da ya sallami na ƙarshe, Sarkin Kuwait, sai jiki ya ƙi, gumi ya keto masa. Aka kai shi gida, da yamma rai ya yi halinsa. Miliyoyin mutane suka raka gawarsa ranar 1 ga Oktoba.

Ya jama'a, me ya faru a ƙirjinsa? Zuciya tsoka ce, ita ma tana buƙatar jini, kuma akwai 'yan jijiyoyi da ke kewaye da ita suna shayar da ita. Shekara da shekaru maiƙo yana taruwa a bangonsu, kamar yadda datti ke toshe bututun ruwa. Taba tana ƙuje bangon jijiya, sukari da hawan jini suna ƙara ɓata shi, kolestarol yana samun wurin maƙalewa. Ran da tarin maiƙon nan ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe, sashen zuciyar da ke bayan toshewar sai ya fara mutuwa. Ciwon ƙafar da Nasir ya yi a 1968 gargaɗi ne: cutar da ta kama jijiyar ƙafa ita ce dai a jijiyar zuciya.

Baba shi ma ya samu nasa gargaɗin. Wata da watanni in ya taka daga tasha zuwa shago sai ƙirji ya yi masa nauyi, in ya zauna ya lafa. Ya ce ƙwannafi ne, ya riƙa jiƙa kanwa yana sha. Daren da ciwon ya ƙi lafawa muka zauna jiran gari ya waye. Wallahi har yau wannan jiran yana ci mini rai.

Don haka ku riƙe alamomin: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi, da haki, da tashin zuciya. Mata da masu ciwon sukari sau da yawa ba sa jin zafi sosai, sai kasala da ƙarancin numfashi. In abin ya wuce 'yan mintoci yana nan, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a nemi a ɗauki awon bugun zuciya.

Zamanin Nasir babu yawancin abin da ake da shi yau. Buɗe jijiya da balan-balan sai a 1977 aka fara a Zurich, magungunan rage kolestarol irin na yau kuwa sai 1987. A Khartum mun san asibitin Sha'ab, da Ahmad Ƙasim a Bahri, da cibiyar Salam a Soba da aka buɗe a 2007. Amma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ɗaiɗaita asibitoci, ya raba masu sukari da hawan jini da maganinsu. A irin wannan hali rigakafi shi ne jarin talaka.

A bar sigari da shisha da tumbak. A auna jini ko a kemis ne, in yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ga likita, kuma kada a ajiye magani don an ji sauƙi. Duk wanda ya haura arba'in ya gwada sukari, musamman in a gidansu akwai mai shi. Gishiri kada ya kai gram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙule. In an zauna wajen mai shayi, cokali uku ya koma ɗaya. Ful da adas da wake da kifi abokan zuciya ne. Agashe namu ne, da shi aka san mu a ƙasar nan, amma a cire kitsen, zalabiya kuma ba ta kowace safiya ba ce. A taka da ƙafa rabin awa, kwana biyar a mako.

Ajali na Allah ne, ba mai musu. Amma jiki amana ne, kuma neman magani ba ya kore tawakkali. Nasir yana da likitocin Masar da na Mosko, bai huta ba lokacin da suka ce ya huta. Baba ba shi da kowa sai mu, mu kuma ba mu san alamomin ba. Hoton nan yana wurina har yanzu, kusa da na'urar auna jinina. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.