Likita Walter Miller: Baturen da ya zo neman rayukan Hausawa, ya bar Littafi da makaranta

Duk wanda ya taɓa shiga majami'ar da ake sujada da Hausa, a Maraɗi ne ko Damagaram, a Jos ne ko Kaduna, ya ji ana kiran Allah da Ubangiji, ana karanta Zabura, ana maganar annabawa da mala'iku da gafarar zunubi, da kalmomin da Musulmi ba zai ji baƙonsu ba. Wannan Hausar ta majami'a tana da tarihi, kuma babban kaso na tarihin yana komawa ga mutum guda, wani likita ɗan Ingila mai suna Walter Miller, wanda ya shafe kimanin shekara hamsin yana fama da buri ɗaya: ya ga Hausawa sun karɓi addinin Kirista. Burin bai cika yadda ya so ba, amma abin da ya bari ya tsallaka iyakokin da shi kansa bai taɓa tsallakawa ba.

An haifi Miller a shekarar 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan. Ya taso ne a lokacin da matasan Kiristoci masu ilimi a Ingila ke cike da wata damuwa da ta hana su sakat. A fahimtarsu, ceto yana ga Yesu Almasihu kaɗai, don haka duk wanda ya mutu bai ji bishara ba yana cikin haɗarin hallaka, kuma alhakinsa yana wuyan wanda ya sani ya yi shiru. Da wannan ido suke duban taswirar Afirka, musamman faffaɗan yankin da ke kudu da Sahara, wanda a lokacin suke kira Sudan.

A cikin wannan yanki, Hausawa ne suka fi ɗaukar hankalinsu. 'Yan mishan sun lura cewa fataken Hausa suna kai wa Gwanja neman goro, suna ratsa Sahara zuwa bakin teku, alhazansu kuma suna bi ta Cadi da Sudan zuwa Makka. Sai suka yi lissafin cewa idan Bahaushe ya karɓi bishara, to shi zai ɗauke ta tare da kayan fataucinsa ya kai ta ko'ina. Waɗanda suka fara gwadawa sun biya da rayukansu. John Alfred Robinson ya rasu a Lokoja a 1891, abokin aikinsa Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892, sannan wani matashi daga Kanada, Walter Gowans, ya rasu a Girku, kudu da Zariya, a 1894. Labarin waɗannan mace-mace bai kashe gwiwar irin su Miller ba. Ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS.

Hausar Tarabulus

Abin da zai ba mai karatu sha'awa, musamman wanda ke zaune nesa da ƙasar kakanninsa, shi ne Miller bai fara koyon Hausa a ƙasar Hausa ba. A ƙarshen shekarun 1890 an tura shi da abokan aikinsa birnin Tarabulus na ƙasar Libiya ta yau, wanda ke hannun Turkawa a lokacin. Nan ne ƙarshen hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat, kuma akwai masu jin Hausa da dama a can: fatake, da mahajjata, da bayi, da waɗanda aka 'yanta. A bakin waɗannan mutane ya fara kama harshen. A can ne kuma ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid, wanda ke kan hanyar aikin hajji, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa kuma mataimakinsa a aikin harshe.

A farkon 1900, shekarar da Ingila ta yi shelar mallakar Arewacin Najeriya, Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar daga Ikko zuwa Kano, Miller na cikinsu a matsayin likita. A Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su ba tare da tsangwama ba. A Kano labari ya sha bamban. Sun shiga birnin ba tare da an ba su izini ba, a daidai lokacin da kowa ke jin labarin sojojin Nasara na matsowa, kuma Sarki Alu Babba bai ga dalilin da zai bambanta mai ɗauke da Littafi da mai ɗauke da bindiga ba. Ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya rasu shekara shida kafin nan. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma rashin lafiya ta sa aka mayar da shi gida. Tafiyar ta watse ba su samu ko mutum ɗaya ba.

Shekarun Zariya

Miller ya dawo. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya samu wurin zama a cikin ganuwar birnin Zariya, abin da kusan babu wani ɗan mishan da ya samu irinsa a manyan biranen daular Usmaniyya a wancan lokaci. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya riƙa karɓar marayu da yaran da aka kuɓutar daga bauta yana riƙonsu a gidansa. Shi ya sa har yau ake samun iyalai Hausawa masu amsa sunan Miller. Hausarsa ta nuna har ta kai yana zama da malamai suna muhawara a kan Alƙur'ani da Linjila, ba tare da tafinta ba.

Sai dai akwai wani bango da ya fi ganuwar Zariya tsawo. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a addininsu ba. Ko da yake shi da Miller suna ɗasawa, har Miller kan taimaka masa da fassarar sanarwar gwamnati zuwa Hausa, gwamnonin da suka biyo baya sun riƙe wannan alkawari a matsayin hujjar hana 'yan mishan wa'azi a garuruwan Musulmi. Shirin da Miller ya tsara na makarantar malamai da 'ya'yan sarakuna bai yi nisa ba, domin iyaye sun gane cewa karatun ba ya rabuwa da wa'azi. Gwamnati ta miƙa aikin ga Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, inda babu koyar da addinin Kirista.

Wannan ya bar wa Miller ɗaci. Ya zama ɗaya daga cikin masu sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna da kakkausan harshe, yana zargin Turawan mulki da kau da kai daga zaluncin da ake yi wa talakawa don kawai a samu haraji da zaman lafiya. Dangantakarsa da Sarki Aliyu ta yi tsami, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da ake ambata idan ana maganar tuɓe sarkin da kai shi Lokoja. A nan ne ra'ayoyi suka rabu a kansa. Wasu na ganin mutum ne da ya tsaya wa marasa gata a lokacin da babu mai tsaya musu. Wasu kuma na ganin baƙo ne da aka ba masauki ya juya ya tsone idon mai gida, wanda kuma rubuce-rubucensa a kan Musulunci da sarautar Fulani ke cike da tsanani da raini. Duka biyun suna da abin kamawa a tarihinsa. Damuwar da ta sa shi zama da majinyata da marayu ita ce ta sa ya kasa kallon addinin maƙwabtansa face a matsayin abin da za a fitar da su daga cikinsa.

Isawa da garin Gimi

Babbar nasarar da ya samu ta zo masa ne ta ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba. Tun a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi, an yi wani malami mai suna Ibrahim wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa. An kashe shi a Kano, almajiransa suka bazu zuwa ƙauyuka, har wajen Ningi, ana kiransu Isawa. A 1913 wasu daga cikin zuriyar waɗannan mutane suka iso wurin Miller a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa. A gare shi wannan amsar addu'ar shekaru ce. Aka samar musu fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauyen Kiristoci Hausawa, da wani limamin coci baƙar fata daga yankin Karibiyan, W. A. Thompson, yana kula da su.

Murnar ba ta daɗe ba. Wurin na da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗibar mutane, cikin 'yan shekaru Gimi ta zama kufai. Likitan da ya tara su don ceton rayukansu ya kasa ceton jikinsu. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa makarantar Zariya, kuma su ne suka zama ginshiƙin al'ummar Kiristoci Hausawa ta wannan yanki. A 1929, bisa matsin gwamnati da masarauta, mishan ta fita daga cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, ga makaranta da asibiti.

Ƙanƙantar Wusasa ba ta hana ta fitar da manyan mutane ba. Daga wannan al'umma aka samu Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewacin Najeriya, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. Daga nan aka samu John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975.

Littafin 1932

Aikin da ya fi cin ƙarfin Miller shi ne fassara. Ba shi ya fara ba. Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe, James Frederick Schön, ya fassara sassan Sabon Alkawari, kuma babban mataimakinsa shi ne Dorugu, yaron da aka kama bauta daga wajen Kance a ƙasar Damagaram, wanda matafiyin nan Barth ya kai Turai. Amma Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, kuma ana jin hakan a Hausarsa. Miller ya ɗauki aikin daga tushe, tare da mataimaka Hausawa da wakilan wasu ƙungiyoyin mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ya tsaya kai da fata a kan rubutun boko maimakon ajami, kuma wannan zaɓi ya taimaka wajen kafuwar boko a makarantu, ya kuma nesanta littafin daga malaman zaure, mutanen da tun farko su yake nema.

A nan tarihi ya juya masa lissafi. Musulmin Kano da Katsina da Zariya, waɗanda aka yi fassarar dominsu, kaɗan ne suka karɓe ta. Waɗanda suka rungume ta su ne ƙabilun tsaunukan Jos da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa, masu harsuna barkatai, waɗanda Hausa ta zame musu harshen kasuwa sannan ta zama harshen majami'a. Ta kuma tsallaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulka. Ƙungiyar SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan asibitin Galmi a 1950, kuma da wannan littafi Kiristocin farko na waɗannan wurare suka koyi karatu, a ƙasar da makarantar gwamnati ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Fassarar ta yi kusan shekara hamsin ana amfani da ita kafin a fito da sabuwa. Hasashen 'yan mishan na cewa Hausa za ta ɗauki saƙonsu ta kai nesa ya tabbata, sai dai ba a kan jakunan fatake Musulmi ba.

Miller ya bar CMS a tsakiyar shekarun 1930, ya koma Ingila, ya rubuta littattafai a kan rayuwarsa da kuma siyasar Najeriya, ciki har da wanda ya fito a 1947 yana tuhumar ko mulkin Ingila ya gaza a ƙasar. Zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ya dawo Najeriya ya ƙarasa tsufansa a yankin Jos, ya rasu a Bukur a 1952 yana da shekara 80.

Musulmi da Kirista ba za su auna rayuwarsa da mudu ɗaya ba, kuma ba lallai ne su yi hakan ba. Amma akwai abin da ba a jayayya a kansa. A Wusasa da Tsibiri da wasu garuruwa da dama, akwai gidajen da wa yake zuwa masallaci, ƙane yake zuwa majami'a, suna haɗuwa a suna da biki da jana'iza, kuma idan ɗayansu ya yi wa ɗan'uwansa ta'aziyya, da Hausa ɗaya yake yi, da sunan Allah ɗaya a bakinsa.