Waliyi Daniyel Komboni, Manzon Afirka

Kowace ranar 10 ga Oktoba muna tunawa da Waliyi Daniyel Komboni. An haife shi a Limone, ƙasar Italiya, a 1831, aka naɗa shi firist a 1854. Shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'ya takwas, duk da haka ya bar iyayensa ya tafi Sudan a 1857. Zazzaɓi ya kashe wasu abokan aikinsa, shi ma ya koma gida da ciwo, amma bai karaya ba.

A 1864 ya tsara shirinsa, wato 'yan Afirka da kansu su kai Bishara ga 'yan'uwansu. Ya yi gāba da cinikin bayi, ya fanshi yara, ya ilimantar da su. Ya zama bishop a 1877, ya rasu a Khartum a 1881. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi waliyi a 2003.

A rayuwarsa muke ganin alamun manzanci: amsa aike, jure wahala, da renon magada. Mu fa, wa muke reno domin aikin Ubangiji a Ikilisiyarmu?