Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Marubucin Da Bai Ƙi Gyara Ba

A wannan fitowa na ga ya dace in tuna mana da wani bawan Allah wanda kusan dukkanmu mun karanta littattafansa a aji, wato Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Kagara a 1911. Ya shiga Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, sannan ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta nan Katsina. Ke nan mu 'yan Ƙofar Guga da sauran unguwannin birni muna da rabo a cikin tarihinsa, domin a garinmu alƙalaminsa ya fara tafiya.

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya shirya gasar ƙaga labarai da Hausa. Malam Abubakar, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. East bai karɓi littafin yadda ya zo ba. Ya nuna masa labaran da ya aro daga wasu littattafai, ya rage wasu, ya kuma ja hankalinsa ga ƙago nasa na kansa. Wani saurayin da sai ya yi fushi ya ajiye alƙalami. Shi kuwa ya haƙura, littafin ya fito tare da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Wannan hali ne ya sa aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936. Wata shida ya yi yana karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa, yana sa musu rigar Hausa, East yana dubawa suna tattaunawa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. A 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, mai karɓar gyara ya koma mai gyara wa wasu. Ya rasu a Zariya a 1981.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu da jikokinmu masu sha'awar rubutu. Yaro zai rubuta labari a waya da daddare, kafin asuba ya watsa wa duniya ba wanda ya duba masa, in ka yi magana ya ce hassada ce. Alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta farfaɗo da ƙungiyar marubuta a makarantarmu, malamanmu da suka yi ritaya su riƙa duba rubutun yara da jan biro kamar yadda suka yi mana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya gafarta wa Malam Abubakar Imam, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.