LIKITA MILA: BANGASKIYA WADDA BA TA JUYA BAYA

'Yan'uwanmu masu bi da ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni sun san hanyar Zariya, kullum motoci suna kai da kawowa a kanta. A cikin shekara ta 1900, tun ba mota ba jirgin ƙasa, waɗansu Turawa biyar na mishan ɗin C.M.S. suka taso daga Zariya suka nufo Kano domin su kawo bishara. Shugabansu Bishop Tugwell ne. A cikinsu akwai wani saurayi likita, sunansa Walter Miller, shi ne Likita Mila. Labarinsa mu ke so mu bayar a watan nan, gama yana koya mana ko mene ne bangaskiya ta gaske.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya koyi aikin likita a Landan, da ya so da ya zauna a gida cikin daɗi. Amma ya haye teku zuwa Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa su kan sauka, ya zauna yana koyon Hausa daga bakinsu.

Sa'ad da suka iso Kano, Sarki Aliyu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka koma Girku, kudu da Zariya. A can ɗayansu, mai suna Ryder, ya rasu, sauran kuma ciwo ya dame su, har suka bar wurin. Ga idon mutum aikin ya lalace ke nan. Duk da haka Likita Mila ya sake dawowa, a 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya. Ya yi magani, ya buɗe makaranta, ya soma juya Maganar Allah da Hausa. Shekaru suka wuce, masu bi kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

A 1913 sai ga baƙi sun zo wurinsa, su ne a ke kira Isawa. Asalinsu almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano wanda ya himmantu ga sha'anin Annabi Isa, har aka kashe shi a kasuwar Kano saboda koyarwarsa. Mabiyansa suka watsu, waɗansu har ƙasar Ningi, suna girmama sunan Isa, amma ba su da Linjila a hannu. Da suka ji labarin mutuwar Yesu da tashinsa, da yawa suka karɓa, aka yi musu baftisma, suka kafa ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, Gimi ta watse. Waɗanda suka ragu aka kawo su Zariya, daga cikinsu da 'ya'yansu kuwa ekklesiyar Wusasa ta sami ginshiƙai.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Isawa sun san sunan Isa tun dā, suna kuwa ganin girmansa. Amma sanin suna dabam, jingina ga mai sunan dabam. Mutum ya iya sanin akwai rijiya a bayan gari, ya kwatanta zurfinta, ƙishirwa kuwa ta kashe shi in bai sha ba. Wasiƙar Yaƙub, sura 2, ta nuna mana ko aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, wannan kuwa bai cece su ba. Bangaskiya mai ceto ita ce mutum ya tuba, ya ɗora dukan nauyin zunubinsa a kan Yesu Kristi, ya daina dogara ga kansa.

Kada kuma mu ce wahalar Likita Mila ce ta saya masa ceto. Afisawa, sura 2, ta koya mana ceto kyauta ne ta wurin alherin Allah, ba ladan aiki ba. Jimrewarsa 'ya'yan itace ne, saiwar kuwa bangaskiya ce. Ba 'ya'ya ke ɗauke da itace ba, amma da su a ke gane yana da rai.

A 1929 aka mai da mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa. Shi kuwa ya koma Kano da zama, garin da aka hana shi tun yana saurayi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da ya yi shekaru a kansa tare da abokan aiki, Turawa da Hausawa. Ya rasu a Bukuru a 1952, yana da shekara 80.

To, 'yan'uwa, mu fa? Sunanmu yana cikin littafin ekklesiya, muna zuwa sujada ran Lahadi, muna ba da baiko. Dukansu suna da kyau, amma ba ɗayansu da zai cece mu. Bari kowa ya tambayi zuciyarsa: a kan wa na dogara? In an rufe mini ƙofa, ko ciwo ya shiga gidana, zan tsaya? Allah ya ba mu bangaskiya wadda ba ta juya baya. Amin.