Helmuth Bossert (1889-1961) da Mabuɗin Rubutun Luwiyawa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan taƙaitaccen bayani shi ne kawo tarihin wani masani Bajamushe, Helmuth Theodor Bossert, wanda ya shafe shekara talatin yana ƙoƙarin karanta rubutun wata al'umma da ta shuɗe, watau Luwiyawa. Amma kafin mu shiga tarihinsa, ya kyautu mu san ko su wane ne waɗannan mutane.

Luwiyawa sun zauna a yammaci da kudancin Anatoliya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, har zuwa arewacin Sham. Harshensu ɗan'uwan na Hittiyawa ne, duka biyun kuwa daga zuriyar harsunan Indiya da Turai suke. Da daular Hittiyawa ta rushe wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ƙananan masarautu irin su Karkemish suka ci gaba da rubutu da Luwiyanci har kimanin shekara 500, kafin Assuriyawa su cinye su. Iri biyu ne rubutunsu. Akwai mai kama da ƙusoshi, wanda ake yi a kan allunan yumɓu, akwai kuma na zane, wanda ake sassaƙawa a jikin duwatsu da siffar kan sa, ko hannu, ko ƙafa. Na farkon ya karantu da wuri, har Emil Forrer ya gane Luwiyanci a cikinsa a 1919. Na biyun ne ya gagari masana.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Bossert a garin Landau na ƙasar Jamus ran 11 ga Satumba, 1889. Fannin tarihin zane da sassaƙa ya karanta, ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Freiburg a 1913. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Farko, sai ya kama aiki a kamfanin ɗab'i na Wasmuth da ke Berlin, inda ya shirya littattafai kan adon al'ummu daban-daban. Wannan aiki ya koya masa lura da siffofi, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya. Da karayar arzikin duniya ta 1929 ta raba shi da kamfanin, sai ya duƙufa kan rubutun zanen Anatoliya shi kaɗai, ba tare da wata kujera a jami'a ba. A 1932 ya fitar da littafinsa na farko a kan wannan fanni, a 1934 kuma Jami'ar Istanbul ta ɗauke shi farfesa. Ya zama ɗan ƙasar Turkiyya a 1947.

Gano Karatepe

A wancan lokaci Bossert da takwarorinsa, irin su Meriggi da Gelb da Hrozny, sun gane wasu alamomi ta hanyar sunayen garuruwa da na sarakuna, amma babu mai tabbacin abin da ya karanta. Abin da ake nema shi ne rubutu guda cikin harsuna biyu. Duk wanda ya taɓa ganin littafin Larabci da aka yi wa fassara da ajami a ƙarƙashin kowane layi zai gane amfanin haka, domin wanda ya san harshe ɗaya zai iya bin sawu ya gane ɗayan.

A 1946 Bossert da ɗalibarsa Halet Çambel suka bi sawun labarin wani zakin dutse a kan tudu kusa da garin Kadirli. Wani malamin makarantar ƙauye ne ya yi musu jagora zuwa wurin, wanda ake kira Karatepe, watau baƙin tudu, a bakin kogin Ceyhan. Da aka fara tono a 1947, sai ga ƙofofin gari guda biyu, kowacce ɗauke da dogon rubutu cikin Finikiyanci da kuma rubutun zane. Finikiyanci kuwa ɗan'uwan Larabci ne da Ibrananci, kuma an daɗe da iya karanta shi. Mai haƙuri, in ji Bahaushe, yakan dafa dutse.

Mai rubutun wani basarake ne, Azatiwada, wanda ya gina garin a wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a ƙarƙashin gidan Awariku, sarkin Adana. Ya ba da labarin yadda ya cika rumbuna, ya tara dawaki, ya gina ganuwa a kan iyakoki, har mata suka riƙa tafiya da mazarinsu a hanyoyin da maza ke tsoron bi a dā. Da wannan dutse ne aka tabbatar da cewa mafi yawan hasashen masana daidai ne, aka kuma sami ma'anar kalmomi masu yawa.

Rasuwarsa da Abin da ya Biyo Baya

Bossert ya rasu a Istanbul ran 5 ga Fabrairu, 1961, bai gama buga aikin Karatepe ba. Har ya bar duniya, sunan da aka fi sani shi ne rubutun zanen Hittiyawa. Sai a 1973 Hawkins da Morpurgo Davies da Neumann suka gyara karatun wasu alamomi huɗu. Alal misali, alamar da ake karantawa da wasalin “i” mai tsawo ta koma “za”, wadda ita ce kalmar nuni ta kusa a Luwiyancin allunan yumɓu. Ta haka aka tabbatar harshen Luwiyanci ne, aka mayar wa masu abu sunansu. Wannan gyara bai rage wa Bossert daraja ba, tun da a kan dutsen da ya gano aka gwada shi.

Halet Çambel ce ta tsare Karatepe bayansa. Ta yi tsayin daka don kada ruwan madatsar Aslantaş ya cinye wurin, ta kuma buga cikakken rubutun a 1999.

Kammalawa

Mu da muka fito daga Talata Mafara da Bakura da Maradun mun san abin da ruwa kan rufe, domin madatsar Bakolori da aka gama a 1978 ta shafe gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun. Luwiyawa sun yi sa'a maganarsu na jikin dutse. Tamu kuwa tana bakin tsofaffi da cikin gafakar malamai, inda gara da mutuwa ba sa jira. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibin wannan sashe, in ya koma gida hutu, ya zauna gaban tsoho da takarda da alƙalami, ya rubuta Zamfarcinsa yadda ya faɗe shi.