Ansel Adams, Mutumin da Ya Auna Haske

Mu mutanen Ɗambatta ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin gero da dawa da gyaɗa iya ganin ido. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na kududdufi. Saboda haka ran da aka kai mu ziyara magangarar ruwa ta Gurara a Jihar Neja, na ga kogi sukutum yana faɗowa daga kan dutse, sai na riƙe baki. Na yi ta ɗaukar hoto da wayar yayana da na ara. Da na komo gida na nuna wa mahaifina, sai ya tambaye ni ko wane ne ya shanya farin zane a kan duwatsu. Ruwan ya fito fari fat, duwatsun kuwa baƙi ƙirin. Kunyar da na ji ita ta sa na shiga bincike, har na gamu da tarihin wani Ba'amurke mai suna Ansel Adams, wanda nake so in ba ku a taƙaice.

An haife shi a birnin San Francisco na Jihar Kalifoniya ran 20 ga Fabrairu, 1902. Yana ɗan shekara 4 aka yi babbar girgizar ƙasar 1906, ya faɗi ya karya hanci, kuma hancin bai sake miƙewa ba har ya bar duniya. Yaro ne marar zama wuri ɗaya, makaranta ta gagare shi. Mahaifinsa bai yanke ƙauna ba. Ya cire shi, ya sa ana koyar da shi a gida, yaron kuma ya duƙufa kan koyon kiɗan fiyano. A 1916 iyayensa suka kai shi kwarin Yosemite, wuri mai dogayen duwatsu da magangaran ruwa, waɗanda babbarsu ta kai tsawon mita 739. Aka ba shi 'yar ƙaramar kyamarar Kodak. Tun daga nan bai daina komawa wurin ba. Bayan 1930 ya bar batun kiɗa ya riƙe ɗaukar hoto a matsayin sana'a.

Kyamarar da ya fi aiki da ita irin wadda iyayenmu suka sani ce a kasuwa, mai ƙafa uku, wadda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle. A cikinta hoton yakan fito a kife, don haka dole mutum ya natsu ya tsara abin da zai shiga da wanda zai bari a waje kafin ya danna.

A shekarar 1927 ya hau wani tudu don ya ɗauki dutsen da ake kira Half Dome. Farantan gilashi biyu kaɗai suka rage masa, domin a kansu ake ɗaukar hoton. Ya ɗauki na farko da gilashi rawaya a bakin kyamara. Sai ya lura hoton ba zai nuna kwarjinin da yake ji dutsen yana da shi ba. Ya sauya da jan gilashi, wanda ke tare shuɗin haske, ya ɗauki na ƙarshe. Sama ta fito da duhu, dutsen ya tsaya gagau. A ranar ya gane cewa mai hoto yana fara ganin hotonsa a zuci, sa'an nan ya nemi dabarar fitar da shi.

Wajen 1940 shi da abokin aikinsa Fred Archer suka tsara hanyar auna haske. Sun kasa shi mataki 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa. Mai hoto zai auna inuwar da yake so a ga abin da ke cikinta, ya ba kyamara hasken da ya dace da ita. In wurin mai haske ya yi yawa, sai ya rage lokacin wanke fim don kada farin ya ƙone. A nan na gane kuskurena a Gurara. Ruwa mai kumfa da baƙin dutse sun yi nisa da juna a matakan nan, ni kuwa da tsakar rana na ɗauka, na bar waya ta yi yadda ta ga dama. Na kuma koyi cewa in ƙofar kyamara ta buɗe ta rufe da sauri ana ganin ɗigon ruwa, in ta jima a buɗe ruwan yakan zama kamar auduga. A hotonsa na magangarar Nevada, har bakan gizo ana gani, alhali hoton ba mai launi ba ne.

Hotunansa sun yi amfani. Littafin da ya fitar a 1938 ya taimaka aka keɓe yankin Kings Canyon a 1940 don kada a ɓata shi. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya ba shi babbar lambar yabo ta farar hula. Ya rasu ran 22 ga Afrilu, 1984, yana da shekara 82, daga baya aka sa wa wani dutse sunansa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ina zaton hoto mai kyau sa'a ce. Ashe lissafi ne da haƙuri, kuma mahaƙurci mawadaci. Ku kuma iyayenmu, ku dubi mahaifin wannan mutum, da bai ɗauki ɗansa a matsayin asara ba don ya kasa zaman aji. Ni dai yanzu ina gwada hannuna da sassafe a kan ruwan da ke zubowa daga indararon gidanmu in an yi sama. In Allah ya sake kai ni Gurara, ina fata mahaifina zai ga ruwa ya gane ruwa ne.